Kafin ka sayi jirgin kamun kifi, zauna ka yi lissafi

 

Wanda bai san Adar ba zai yi mamaki in ya ji muna zancen jirgin ruwa a wannan shafi. Ƙasarmu ƙasar dutse ce da rairayi. Ba mu da kogi mai gudu rani da damina kamar mutanen Yamai ko na Gaya. Amma Allah ya ba mu tafkuna. In ka fita daga Tawa ka kama hanyar Agadas, bayan kilomita kamar 50 za ka iske ruwan Tabalak a shimfiɗe. Kudu maso yamma da Tawa akwai tafkin Ɗan Dutsi. Akwai kuma madatsun ruwa da aikin raya karkara na Keita ya gina tun daga 1984. A shekarar 2005 aka sa Tabalak da Ɗan Dutsi cikin jerin manyan wuraren ruwa na duniya da ake kiyayewa, wanda ake kira Ramsar. An zuba irin kifi a tafkuna da dama, shi ya sa ake samun tarwaɗa da karfasa, wani wurin har da giwan ruwa.

A da, yawancin masu kamun kifin baƙi ne, masunta daga bakin kogi da Najeriya da Mali. Yanzu ƴaƴan gari ma sun shiga. Saurayi zai dawo daga bida, daga Abijan ko Libiya, da ɗan abin da ya tara. Sai ya ga ana fito da kifi da safe, ana ƙirga kuɗi a bakin ruwa. Sai ya ce a ransa, “Ni ma in na sami jirgi, na huta da tafiya.” Niyyar mai kyau ce. Mutum ya zauna cikin iyalinsa ya nemi abinci ya fi yawon ƙasar wasu.

Sai dai akwai abin da na gani a yawon duba makarantun yaƙi da jahilci na wannan yanki. Wani ɗalibinmu ya sayar da bijiminsa na noma ya sayi jirgi. Kuɗin ya isa jirgin daidai, ko dala ba ta yi saura ba. Da aka sauke jirgin a bakin ruwa, sai ya tarar ba shi da abin sayen kalli, ba shi da kuɗin takarda. Jirgi ya yi wata biyu a rana yana jira, katako ya tsage. Damina ta zo, ga shi ba bijimi, ga jirgi yana yoyo. Ba rago ba ne, kuma ba wanda ya cuce shi. Kuɗin jirgi kaɗai ya tambaya, bai tambayi kuɗin da ke bin bayan jirgi ba. Shi ne dalilin wannan bayani.

Me ya sa jirgi yake da tsada a Adar?

A ƙasashen kurmi ana sare babban icce a fafe shi ya zama kwalekwale. Mu nan ba mu da irin wannan icce. Manyan itatuwan da suka rage, kamar gawo, doka ta hana a sare su ba tare da izini ba, kuma amfaninsu a gona ya fi na jirgi. Saboda haka jirginmu na katako ne, kafinta yake haɗa shi da ƙusa. Katakon kuwa daga kudu yake zuwa, daga Najeriya da ƙasashen bakin teku. Kalli da zare da ƙugiya su ma baƙi ne. Duk abin da ya taɓa iyaka ko darajar kuɗi, ya taɓa farashinsu. Dattawa suna tuna watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka tashi cikin ƴan kwanaki. An kuma ga yadda kaya suka yi wuya da aka rufe iyakar Najeriya a 2019, da kuma a 2023. Don haka kada ka dogara da farashin da wani ya faɗa maka bara. Je ka wurin kafinta da ƙafarka, ka tambayi biyu ko uku.

Katako iri biyu ne a kasuwa, fari da ja. Fari ya fi araha, ya fi sauƙin aiki, amma ba ya jure ruwa, gara kuma tana son shi. Ja ya fi tsada da nauyi, amma yana daɗewa. Mai ƙaramin ƙarfi yakan ruga wajen fari. In jirgin fari ya ruɓe cikin shekara biyu, na ja kuwa ya kai biyar, wanne ne mai arahar? Sai ka raba kuɗin kowanne bisa shekarunsa kafin ka amsa.

Akwai mai sayen tsohon jirgi. Ba laifi ba ne, amma a buɗe ido. Sabuwar kwalta tana ɓoye ruɓa. Ka kifa jirgin ka duba gindinsa. Ka sa tsinin wuƙa ka danna katako, musamman wajen ƙusoshi. In wuƙa ta nutse ba wuya, katakon ya mutu. Daga nan a tura shi ruwa, mutum uku su shiga su zauna na ɗan lokaci, ka ga yawan ruwan da yake sha. Ka kuma tambayi sarkin ruwa ko shugaban masunta, ko jirgin na mai sayarwa ne shi kaɗai, ko akwai bashi a kansa. Kada ka biya sai gaban shaidu.

Kuɗin da ke bin bayan jirgi

Na farko, ɗauko shi. Jirgi ba ya hawa jaki. In a birni aka haɗa shi, sai an yi hayar mota ko amalanke, a biya masu lodi da masu saukewa. Na biyu, shirya shi: kwalta da tsumma ko auduga na toshe tsaga, da ƴan ƙusoshi na ajiya. Na uku, filafili biyu na tuƙi, da doguwar gora ta turawa, da igiya, da ƙwaryar kwarfe ruwa, da sarƙa da kwaɗo don dare.

Na huɗu shi ne babba, wato kayan kamun kifi. Jirgi ba ya kama kifi, kai mutum yake yi inda kifi yake. Mai kamawa shi ne kalli, ko birgi, ko mamari mai ƙugiyoyi da yawa, ko gura. Kalli ɗaya ba ya isa, don yayin da ɗaya yake ruwa wani yana wajen gyara. Kuma tafkunanmu cike suke da kututturen bagaruwa da ƙaya a ƙarƙashin ruwa. Kallin roba na zamani ya fi araha, amma in ya kama kututture ya yage, ɗinkinsa da wuya. Masunci na gaskiya ya san kalli kaya ne mai ƙarewa, kamar takalmi.

A nan ina jan kunne. Kada araha ta sa ka sayi raga mai ƙananan idanu, balle ka sa gidan sauro a ruwa. An hana. In ma'aikatan gandun daji suka kama, za su karɓe kayan, ga tara a kai. Ban da haka, irin wannan raga tana kwashe ƴaƴan kifi, wato tana cin abincin baɗi tun bana. Gidan sauro kuwa an raba shi ne don yara da mata masu ciki su kwana a ciki.

Na biyar, takarda. Bisa dokar kamun kifi, wanda zai kama kifi don sayarwa sai da takardar izini, kuma sabunta ta ake yi. Je ka ofishin ma'aikatan gandun daji da muhalli na gundumarku, ka tambayi kuɗinta na bana. In ka biya, ka karɓi rasiɗi ka karanta shi da kanka. Amfanin karatun da kake koya ke nan. Inda masunta suke da ƙungiya, akwai kuma kuɗin shiga da na karo-karo, wanda ake sayen irin kifi da shi ko a biya mai gadi.

Mu yi lissafi tare

Ɗauko littafinka da alƙalami. Lambobin da zan kawo misali ne kawai, na zaɓe su don lissafi ya yi sauƙi. Ba farashin kasuwa ba ne. Kai za ka goge su ka sa naka, bayan ka yi tambaya.

Mu ce jirgi jika 100. Ɗauko shi jika 10. Kwalta da tsumma da ƙusa jika 7. Filafili da gora da igiya da sarƙa jika 8. Kalli jika 40. Mamari da ƙugiya jika 10. Takarda da kuɗin ƙungiya jika 15. Tara su. Za ka sami jika 190. Ka gani? Wanda ya taho da jika 100 yana ganin ya gama, ashe rabin hanya ya kai. Ko lambobinka sun bambanta da nawa, in ka rubuta komai ba ka ɓoye wa kanka ba, za ka ga bayan jirgi akwai kaya mai nauyi.

Wannan kuɗin farawa ne. Saura kuɗin da sana'ar take ci kowace shekara, kuma shi ne mutane suka fi mantawa. In jirgin jika 100 zai yi shekara 5, to kowace shekara yana cin jika 20. Ba ka ganin fitarsu daga aljihu, amma ranar da jirgi ya mutu za ka neme su. Mu ce kalli shekara ɗaya yake yi, jika 40. Mamari jika 10. Gyaran jirgi jika 10. Takarda da ƙungiya jika 15. Duka jika 95 a shekara.

Yanzu ga wata dabara. Kowa ya san jika ɗaya dala 200 ce. In ka shiga ruwa kwana 200 a shekara, kowace jika ta shekara ta zama dala ɗaya a yini. Ke nan jika 95 a shekara, dala 95 ce kowace ranar aiki. Ma'ana, duk ranar da ka sayar da kifi, dala 95 ta farko ba taka ba ce, ta jirgi ce da kalli da takarda. Ware ta, ka sa a asusu ko ka ba wanda ka amince da shi ya ajiye. Abin da ya yi saura shi ne za ku raba da yaron jirgi, a ciki kuma za ka ci da gida. Maganar rabon nan, ku gama ta tun kafin ku shiga ruwa, don kowane wuri da al'adarsa.

To in shekarar ta zo da gardama, kwana 100 kawai aka yi ana kamu? Sai dala 95 ta koma dala 190 a yini. Kifin kuma a irin wannan shekara ba shi da yawa.

Tafki ba kogi ba ne

Wannan shi ne abin da ya raba mu da masuntan bakin kogi. Ruwan tafki na damina ne, kuma daminarmu gajera ce, wata uku zuwa huɗu. Daga kaka ruwa zai fara ja da baya. Rana da iska suna shan ruwa mai yawa. A ƙasa irin tamu, abin da suke iya ɗauka a shekara ya wuce zurfin mita 2. Masu lambun albasa da tumatir suna ja da injinansu, dabbobi suna sha. Ƙoramu kuma suna kawo yashi da laka kowace damina, tafki yana cikewa daga ƙasa. In bazara ta yi, ƙananan tafkuna sukan ƙafe ƙaf. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ba ya bukatar a gaya masa cewa ruwa yana iya ƙin zuwa.

Ban da wannan, akwai lokacin da ake rufe tafki, musamman bayan an zuba sabon iri, don kifi ya hayayyafa ya girma. Akwai kwanakin hunturu da iska take hana shiga. Akwai kwanakin shuka da noma da girbi, da gona take kiranka. Akwai ciwo, da biki, da rasuwa. Saboda haka kada ka ɗauki kamun rana mafi kyau ka ninka shi sau 365. Tambayi tsofaffin masunta biyu ko uku: wata nawa kuka yi aiki bara? Bara waccan fa? Lissafinka ka ɗora shi bisa shekarar da ta fi muni a cikinsu. In ya tsaya da ƙafarsa a wannan shekara, to mai kyau in ta zo riba ce.

Jirgi kuma ko yana zaune yana cin kuɗi. In ruwa ya janye aka bar shi a tudu, rana za ta tsaga shi, gara ta shige shi daga ƙasa. A ɗora shi bisa duwatsu a inuwa, a rufe shi da zana, a riƙa yayyafa masa ruwa. Kafin a maida shi tafki, sai an sake toshewa da shafa kwalta.

Kifi a jirgi ba kuɗi ba ne tukuna

Hatsi yana jiran farashi a rumbu. Kifi ba ya jira. A zafin Adar, wanda aka kama da asuba in ba ƙanƙara, kafin yamma ya fara lalacewa. Mai saye ya san haka, shi ya sa ba ya gaggawa. Ranar da kowa ya kama da yawa, ranar farashi yake faɗuwa. In ka ce za ka kai Tawa da kanka, ga kuɗin mota da na ƙanƙara. In ka ce banda za a yi, ga kuɗin icce, wanda shi ma tsada yake a nan, kuma kilo 3 na ɗanyen kifi in ya bushe sosai kusan kilo 1 yake komawa. Matan da suke suya da banda a bakin ruwa sun fi kowa sanin wannan lissafi. Kada girman kai ya hana ka tambayarsu.

Akwai ƴan kasuwa masu cewa, “Karɓi jirgi da kalli, ka biya ni da kifi.” Ga wanda ba shi da komai, wannan ƙofa ce. Amma ka sani, muddin bashin yana kanka, shi zai yanka farashi, kuma ba ka da ikon sayar wa wani. Kafin ka yarda, a rubuta abu uku a takarda: nawa ne bashin, nawa zai sayi kilo, kuma me za a yi in tafki ya ƙafe. Kowane biya da ka yi, a rubuta ranarsa. Na fi son kuɗin adashi ko na asusun ƙungiya a kan irin wannan bashi. Matanmu sun riga mu gane haka tun da aka fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991.

Inji fa? Samari suna sha'awar Yamaha a bayan jirgi. Shawarata, mai jirgin farko ya manta da shi. Sabon inji ya fi jirgin katako tsada nesa ba kusa ba, yana shan mai kullum, makanikinsa ba a kowane gari yake ba. Man Najeriya da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya ma ya daina araha irin ta da, tun da aka cire tallafinsa a can a 2023. Tafkunanmu ba su fi ƙarfin filafili da gora ba.

Lafiyar mai jirgi ma tana cikin lissafi

Mai yini cikin ruwan tafki yana tare da cuta biyu. Ta farko tsargiya. Ƙwayarta tana rayuwa a jikin ƙananan katantanwa na ruwa, tana shiga mutum ta fata, ba sai ya sha ruwan ba. Alamarta jini a ƙarshen fitsari. Wasu suna cewa alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne, ciwo ne, in an ƙyale shi yana lalata mafitsara da ƙoda. Yana da magani na haɗiya a gidan likita. Kuma kada a yi fitsari ko bayan gida a cikin tafki ko bakinsa, don ta nan cutar take komawa ruwa. Ta biyu zazzaɓin cizon sauro, ga mai kwana a bakin ruwa. Tafi da gidan sauronka. Mako ɗaya a kwance, mako ɗaya ne ba kamu, ga kuɗin magani. Shi ya sa ya kamata bayan jika 190 ɗin nan na misali, a sami wani abu a gefe wanda ba a taɓa shi sai ta ɓaci.

Sai maganar nutsewa. Da yawa daga cikinmu ƴan tudu ne, ba mu tashi da iyo ba. Hadarin farkon damina yana tasowa daga gabas da iska mai ƙarfi, ba ya sallama. In ka ga gabas ta yi baƙi ko ta yi ja, nufi gaɓa, bar kalli sai gobe. Koyi iyo kafin ka sayi jirgi. In ka sami rigar ruwa, saye ta ka sa ta cikin lissafi. In ba ka samu ba, ajiye jarka wadda ba komai cikinta, a rufe bakinta gam, da igiya a hannunta, ɗaya ga kowane mutum. In kana ƙetarar da mutane ranar kasuwa don ƙarin abin miya, kada ka cika jirgi har ruwa ya kusa bakinsa, ko ana roƙonka.

In kuɗinka bai kai ba

Kada ka sayar da gona, ko bijimin noma, ko hatsin rumbu don jirgi. Su ne za su riƙe gida a shekarar da tafki ya ƙi. Akwai hanyoyin shiga sana'ar da ba su kai haka nauyi ba. Ka yi shekara ɗaya kana yaron jirgin wani. Za ka koyi tuƙi, da ɗinkin kalli, da inda kututture yake, ka kuma ga da idonka abin da ake samu a wata mai kyau da maras kyau. Ko ka fara da gora da mamari a ruwa maras zurfi, in ka iya iyo. Ko ku haɗu mutum biyu ko uku ku sayi jirgi ɗaya, ku rubuta abin da kowa ya zuba, da yadda za a raba kifi, da wanda zai biya gyara, da yadda mai son fita zai karɓi nasa. Kowa ya sa hannu, mai gari ya shaida, kowa ya riƙe takarda ɗaya.

Wanda yake da niyyar sayen jirgi bana, ya ja layi biyu a littafinsa. Gefe ɗaya kuɗin farawa, gefe ɗaya kuɗin shekara. Ya cika su da farashin da ya ji da kunnensa daga kafinta, da mai sayar da kalli, da ofishin gandun daji. Ya kawo littafin makaranta ranar darasin lissafi, malami da sauran ɗalibai su taya shi tarawa da rabawa a allo.